Ranar da Na Ari Muryar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Doha ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Har yau idan na ga ana maƙala wa mutum makirufo a wuyan riga, sai in laluba wuyan tawa rigar. Matata ta ce in daina ba da labarin. Amma na lura duk wanda na ɓoye wa, wani ya riga ya ba shi, kuma da ƙarin gishiri. Gara ku ji daga bakina.

Ni injiniyan sadarwa ne (abin da ya ƙara wa lamarin muni ke nan, za ku gani). Muna zaune a unguwar Bin Mahmud ni da matata Nafisa, wadda take aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, da 'yarmu jaririya. Gidan ɗaki biyu ne da falo, irin wanda idan ka yi atishawa a kicin za a ce maka yarhamukallah daga ɗakin barci.

Mahaifin Nafisa shi ne wanda duk garinmu ake kira Baba Ambasada. Da koyarwa ya fara, a wata makarantar firamare ta ƙauye, har ya zama hedimasta. Da aka dawo mulkin farar hula mutanen yankin suka matsa masa, suka tura shi Majalisar Wakilai. Sojoji suka yi juyin mulki suka kwashe 'yan majalisar, ya yi watanni a tsare, ya fito ya koma gona. Can daga baya aka nemo shi aka naɗa shi jakada, ya yi aiki a ƙasashe biyu, sannan ya yi ritaya ya koma gidansa na da, wanda ko fentin ƙofarsa bai canza ba. Nafisa ce autarsa. Ni kuwa tun da na aure ta, abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce gaisuwa ba: in durƙusa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam Injiniya, yaya aikin?" In ce lafiya lau, in tashi in tsere.

Sai ga shi an ce Baba zai zo Doha a yi masa aikin ido, ya ga jikarsa, kuma a gidanmu zai sauka.

Wanda bai taɓa zama da surukinsa a ɗaki biyu da falo ba, ba zai gane halin da na shiga ba. Na koma sa hula a cikin gidana. Abinci a tsaye nake cinsa a kicin, ina leƙen ƙofa. Idan waya ta shigo mini sai in sauka ƙasa wajen kantin wani ɗan Indiya da ke jikin gininmu in amsa, ina gumi. Shi kuwa Baba tun da sassafe ya yi wanka, ya sa kaftani da hula da agogo, ya zauna a falo ƙafa ɗaya kan ɗaya yana sauraron labaran duniya, kamar wanda yake jiran a shigo da shugaban ƙasa. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Maganarsa a hankali take, kuma kafin kowace muhimmiyar magana sai ya gyara murya, "Ehem," ya ɗaga ɗan yatsa, ya ce, "E to."

A nan ya kamata in gaya muku wata cuta da nake da ita. Ina kwaikwayon mutane. Tun muna makarantar kwana nake yi, kuma ba na sai na yi niyya ba. Idan na zauna da mutum kwana kaɗan, muryarsa takan shige mini maƙogwaro da kanta. Abin ya fi tashi idan ina jin tsoro. Nafisa takan yi dariya har da hawaye idan na yi mata mai gadin gidanmu ko shugabana na ofis. Baba dai ban taɓa yi a gabanta ba. (A banɗaki, idan na kunna famfo, nakan ɗan gwada. Ya fito sosai, har ni kaina na tsorata.)

Bayan an yi aikin idon lafiya, mutane suka fara zuwa dubiya. Cikinsu har da Dokta Lawal, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Doha, babban likitan ƙashi, mutumin da ko murmushi sai ya ga dama. Da ya shigo falon sai na ga ya zube a kan tayil da kwat ɗinsa, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Ashe yana cikin ɗaliban da yaƙi ya rutsa da su a ƙasar da Baba yake jakada. Ya ce ma'aikatan jakadancin wasu ƙasashe duk sun kwashe iyalansu sun gudu, amma Baba ya shimfiɗa darduma a filin jirgi ya zauna da su, ya ce ba zai hau ba sai ɗalibi na ƙarshe ya hau.

"Ba domin shi ba, da ban san inda nake yau ba," in ji Dokta, yana share ido. Sai ya juyo gare ni. "Za mu yi masa liyafa kafin ya koma. Kai ne za ka karanta tarihinsa."

Na ce, "Dokta, ai ni suruki ne, kunya..."

"Khalas, an gama. Wa ya fi ka kusa da shi?"

Daga ranar na daina cin abinci da daɗi. Kullum bayan la'asar sai in ɗauko takarda in zauna a gefen kujera in yi wa Baba tambayoyi. Matsalar ita ce duk tambayar da na yi, hanya ɗaya take bi. In tambaye shi shekarun koyarwa, sai mu ɓulla majalisa. In tambaye shi aikin jakadanci, ya yi jimla biyu, ya ce, "Ehem. E to, wannan ya tuna mini da ranar da na miƙe a majalisa." Maganar ɗaliban da Dokta ya kusa kuka a kanta, cewa ya yi, "Ai aikina ne," ya wuce. Amma labarin majalisa, da safe a kan shayi, da yamma a kan 'ya'yan itace, ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Wani lokacin yakan rufe ido a tsakiyar labarin ya yi shiru, har in ɗaga ƙafa zan sulale, sai ya buɗe ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya.

Na rubuta jawabin, na yaga, na sake. Na karanta shi a mota ina cikin cunkoso, har wani direban tasi ya sauke gilashi ya tambaye ni ko lafiya. Na yi mafarki na hau mumbari babu wando.

Nafisa tana goge mini babbar riga ta ce, "Don Allah ka karanta abin da ka rubuta kawai. Kada ka yi barkwanci." Ta juya rigar ta ci gaba da guga. "Ka san tun da ya yi ritaya babu wanda ya taɓa tara mutane dominsa? A gida ma yaran yanzu ba su san ko shi wane ne ba. Jiya sau biyu yana tambayata wace hula zai sa."

Wannan maganar ta ƙara mini tsoro, ba ta rage ba.

An kama wani zauren taro a unguwar Madinat Khalifa, bayan sallar Juma'a. Na zaci mutum talatin za su zo. Da na leƙa sai na ga wuri ya cika: likitoci, malaman jami'a, 'yan kamfanin gas, 'yan'uwanmu na Zango daga Ghana da suka zo mota guda daga Sanaiya, unguwar masana'antu, mata a ɓangarensu da yara da manyan kuloli na masa da miyar taushe, har da wasu Larabawa biyu abokan aikin Dokta waɗanda ba sa jin ko sannu. Baba yana gaba a kan kujera mai hannu, cikin farar babbar riga, da baƙin tabarau da likita ya ce ya riƙa sawa.

Mai kula da lasifika abokina ne, Awudu, ɗan Kumasi, mai gyaran wayarin mota a Sanaiya. Shekarunmu ɗaya, amma "massa", wato maigida, yake ce mini irin na mutanen Ghana, kuma a duk Doha babu wanda ya kai shi son kwaikwayona. Ya ja ni wani ɗan ɗaki da ke bayan zauren, inda ake jibge kujeru, ya rufe ƙofa mai nauyi. Wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri a bango, ba ka jin komai na waje. Ya maƙala mini ƙaramin makirufo a wuyan riga, ya cusa mini akwatinsa a aljihu.

"A kashe yake?" na tambaya.

"Massa, sai na ɗaga shi daga can kafin a ji ka. Kwantar da hankali."

Ni, injiniyan sadarwa, wanda ake biya albashi domin ya tabbatar da abin da ke kunne da abin da ke kashe, na ce to. Ban ko duba ɗan jan hasken da ke aljihuna ba.

Na fara bitar jawabin. Na karanta layin farko sau uku ina sarƙewa. Gumi ya jiƙa mini hula. Awudu ya zauna a kan tarin kujeru yana kallona da tausayi.

"Massa, haka za ka fita? Za ka faɗi fa. Saki jiki. Yi mini tsohon kaɗan."

"Kai, rufa mini asiri."

"Kaɗan kawai. Yalla, fara. Wa zai ji?"

Ya kamata in ce a'a. Amma tsoro ya riga ya kawo muryar bakin maƙogwarona, jira kawai take. Na gyara babbar riga a kafaɗa, na ɗaga ɗan yatsa.

"Ehem. E to. Mai girma Shugaban Majalisa."

Awudu ya toshe baki da hannu.

"Ni malamin makaranta ne, ban iya lissafin manya ba. Amma ƙauyukan nan da ake so a tasa domin a yi madatsar ruwa, na san su. Na koyar da 'ya'yansu. A can iyayensu suke kwance. Ban ce kada a yi madatsa ba. Na ce a gaya mini inda za a kai mutanen nan, da abin da za su noma, kafin in ɗaga hannuna. Sai 'yan jam'iyyata suka fara buga tebur, zauna, zauna! Na ce ba zan zauna ba. Sai aka kashe mini makirufo. Na ce ku kashe! Shekara nawa ina magana da aji cike da yara babu na'ura?"

(Da Turanci Baba ya yi jawabin a majalisa, amma da Hausa yake ba mu, kuma wallahi ko numfashi ban sauya masa ba.)

Da a nan na tsaya, da wataƙila ban rubuta wannan ba. Amma Awudu ya fara bubbuga cinya, ni kuma na ji tsoron yana sakina, sai na ƙara wuta. Na rufe ido a tsakiyar jimla, na langaɓe kai, na ja minshari mai tsawo, na farka firgigit na ce, "...na ce ba zan zauna ba!" Awudu ya zamo daga kan kujerun. Sannan na koma muryata.

"Haka fa kullum, Awudu! Safe da yamma! Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce wannan ya tuna masa da majalisa. Na haddace shi tsaf. Ko cikin barci ka tashe ni zan kawo maka. Mutum yana gidansa amma a tsaye yake cin tuwo kamar ɓarawo!"

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi. Nafisa ce, da jaririya a kafaɗa, gyalenta ya zame. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ana jin ka," ta ce.

"Wa?"

"Kowa."

Na ce, "Innalillahi, na mutu." Kuma ta ƙofar da ke buɗe na ji muryata ta dawo mini daga zauren, ƙatuwa, daga lasifika huɗu: na mutu.

Daga baya ne na ji yadda aka yi. Dokta ya tashi zai buɗe taro, makirufon hannunsa bai kama ba, Awudu ba ya nan, sai ya je na'urar ya ɗaɗɗaga duk abin da ya ga yana ɗaguwa. Muryar Baba ta cika zauren. Jama'a suka zaci tsohon faifan hirar da aka yi da shi zamanin majalisa aka samo aka sa domin a ba shi mamaki. Wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya yi kabbara. Masu waya suka ɗaga suna ɗauka. Sai minshari ya biyo baya. Dokta ya ruga zai kashe, bai san wanne ba ne, Baba kuma ya ɗaga hannu ya ce, "A bar shi. Ba a katse mai magana."

A ɗan ɗakin nan akwai wata ƙofa da ke fita bayan gini. Na dube ta da gaske. Na lissafa: mota tana gaba, makulli yana aljihuna, fasfo yana gida. Awudu yana ta rantsuwa, "Massa, ni na sauke shi fa, wani ne ya taɓa," yana laluba aljihuna bai sami maɓallin ba. Nafisa ta juya ta tafi ba ta ƙara kallona ba. Sai ga Dokta a bakin ƙofa, fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

"Baba yana kiranka."

Ban san tsawon zauren nan ba sai ranar. Babu mai tari, babu mai motsa cokali. Yara ma sun yi shiru. Abin da kawai ake ji shi ne numfashina, domin har lokacin makirufon yana kunne, ina tafe lasifika tana huci. Na ga abokan aikina sun sunkuyar da kai. Na ga matar Dokta ta rufe baki da gyale. Na isa gaban Baba na durƙusa har gwiwata ta bugi tayil, aka ji ƙarar a ko'ina.

Baƙin tabarau ya hana ni ganin idonsa. Kaina kawai nake gani a ciki, ƙarami, hula a karkace.

Ya miƙa hannu, Dokta ya ba shi makirufo. Ya kai baki. Ya ɗaga ɗan yatsa.

"Ehem. E to."

Jama'a, daidai da yadda na yi. Ko ɗigo babu bambanci. Can baya wani ya yi wani irin sauti ta hanci, irin na wanda ya danne dariya ta fi ƙarfinsa. Wani ya kama tarin ƙarya. Kafaɗun mutane suka fara rawa layi-layi. Ni kuwa na roƙi Allah a zuciyata ya tsaga tayil ɗin nan.

Baba ya jira, kamar yadda na tabbata ya sha jiran 'yan majalisa. Sannan ya ce, "Malam Injiniya, ka ga abin da ka jawo mini. Yanzu ko gyaran murya ba ni da ikon yi a Doha."

Zauren ya fashe. Har da masu dukan tebur. Larabawan nan biyu suka ga ana dariya suka kama tafi.

Da aka lafa ya ce, "Ni a majalisa ina so a ji ni, aka kashe mini nawa. Kai ba ka so a ji ka, aka kunna maka naka. Kowa da irin jarabawarsa." Ya juyo da tabarau gare ni. "Tashi ka karanta abin da aka sa ka. Da muryarka, idan kana da ita."

Na tashi. Na karanta. Kada ku tambaye ni yadda ya kasance, domin abin da na sani shi ne na tsallake shafi guda, na kai Baba ritaya kafin in naɗa shi jakada, na dawo baya ina ba da haƙuri. Da na zo sakin layin da ke maganar majalisa, sai na tsaya cak, wani daga cikin 'yan Zango ya ce, "Wuce nan, massa, mun riga mun ji!" aka sake kwashewa. Dokta ya yi nasa jawabin a kan ɗalibai da filin jirgi, ya yi kyau ƙwarai, mutane suka yi hawaye. Aka ci masa. Ni ko ɗaya ban taɓa ba.

Na zaci mafi wuyar ta wuce. Sai muka shiga mota.

Baba yana gaba kusa da ni, Nafisa tana baya da jaririya, fuskarta a gilashi. Rana ta yi sanyi, titi ya cika da masu fita yawon Juma'a. Mun tsaya a wata danja mai daɗewa, na buɗe baki zan fara ba da haƙurin da nake ta shiryawa, sai ya riga ni.

"Na yawaita ba da shi, ko?"

"A'a, Baba, wallahi ni ne..."

"Kada ka yi mini diflomasiyya. Sana'ata ce."

Ya cire tabarau ya riƙe a cinya, idon da aka yi wa aiki yana ɗan ruwa.

"Akwai ƙarshensa, ban cika faɗa ba. Na gama maganata babu makirufo, aka ƙirga hannu, aka kayar da ni. Aka tashi ƙauyukan. Da na fito daga tsare na je wurin. Wani mai kwalekwale ya kai ni tsakiyar ruwa, ya nuna mini da sanda, ya ce a nan makarantarku take." Ya juya tabarau a hannu. "Waɗanda suka zauna kusa da ni ranar, duk sun rasu. Idan ina ba da labarin, dubawa nake ko akwai wata magana da ya kamata in faɗa ban faɗa ba, wadda da ta juya mutum biyar ko shida. Har yau ban same ta ba."

Danja ta ba da hannu, na baya suka fara hon, ni ban ma gani ba. Kunyar da na ji a zauren ta mutane ce, tana da hayaniya. Wannan ta cikin mota ba ta da sauti, kuma ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, ku yafe mini." Abin da ya iya fita ke nan.

"Na yafe. Tuƙa, kana tare hanya." Ya mayar da tabarau. Mun kusa gida ya ƙara da cewa, "Abu biyu dai. Daga yau a tebur za ka riƙa cin tuwonka, tare da ni. Na biyu, ba gyangyaɗi nake yi ba. Tunani nake."

Nafisa ba ta yafe da wuri haka ba. Kwanaki tana ba ni amsa da kalma ɗaya. Ina zaune a tebur gaban Baba ina tura loma da kyar, ita tana wucewa kamar babu ni. Sai bayan mun raka shi filin jirgi, muna dawowa, ta yi magana.

"Ba dariyar da aka yi ce ta dame ni ba. Da aka fara, na zaci shi ne da gaske, lokacin yana da ƙarfinsa. Ban taɓa jin muryarsa ta lokacin ba, ba a haife ni ba. Har na fara kuka, ina cewa a raina ashe haka Babana yake. Sai na ji minshari."

Ban kare kaina ba. Babu abin karewa. Na ba ta haƙuri a motar, na sake ba ta a gida, na sake washegari, na ɗauki wankin kwanuka da renon dare ba tare da an sa ni ba.

A waje kuwa sunana ya riga ya canza. A masallaci, a filin ƙwallo, har a kantin ɗan Indiya inda wani ya kai labari, Ƙaramin Ambasada ake ce mini. Waɗanda suka ɗauka a waya sun tura gida. Yayata ta kira ni daga Kano ta ce ita ba ta san ni ba. Dokta Lawal bai sake sa ni ko rabon ruwa a taro ba. Baba kuwa idan ya kira Nafisa suka gama gaisawa, sai ya ce, "Ba ni mataimakina." Mukan daɗe muna hira yanzu. Labarin majalisa yana zuwa, ina saurara har ƙarshe, kuma ba na ɗaga ƙafa idan ya yi shiru.

Wata safiya, bayan komai ya lafa, muna shan shayi, Nafisa ta yi dariya a karon farko a kan maganar. Ta ce in ban da minsharin, ai na iya. Na ji daɗi, na saki jiki, har na ƙara sukari. Sai ta ajiye kofi ta dube ni.

"Tsaya. Ni ma kana kwaikwayona?"

Na ɗan yi jim. Ba wani jim mai tsawo ba, na rantse, bai fi a haɗiyi shayi ba. Amma ya isa.

Don haka ga abin da na koya, kyauta na ba ku. Kafin ka yi maganar surukinka, laluba wuyan rigarka da aljihunka, kada ka yarda da rantsuwar kowa, ko da ɗan Kumasi ne. Idan kuma matarka ta yi maka irin wannan tambayar, kada ka tsaya haɗiyar komai. Ka ce a'a tun kafin ta rufe baki.